Hanyar Koyarwa da Horon Almajirai a Makarantar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga birnin Sakkwato ya nufi Hubbare zai tarar da baƙi na kusa da na nesa, maza da mata, sun zo ziyarar kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya jiƙansa. In aka tambayi mafi yawansu abin da suka sani game da shi, abin da za su fara ambata shi ne jihadi: hijira zuwa Gudu a cikin Fabrairun 1804, da yaƙin Tabkin Kwatto a wannan shekara, da faɗuwar Alƙalawa a 1808. Amma in aka auna rayuwar Shehu da ma'aunin shekaru, za a ga tsakanin hijira da cin Alƙalawa bai kai shekara biyar ba, alhali kuwa ya fara wa'azi da karantarwa wajen 1774, yana ɗan shekara ashirin, bai kuwa daina ba sai da ya rasu a Sakkwato a cikin Afrilun 1817. Wato sama da shekara arba'in ke nan. Ashe kafin kome Shehu malami ne, jama'ar da ta yi jihadin kuwa almajiransa ne.

Malaman da can sun bambanta karantarwa da tarbiyya. Karantarwa ita ce a biya wa almajiri littafi ya gane ma'anarsa. Tarbiyya kuwa ita ce a hore shi gaba ɗayansa, jikinsa da harshensa da zuciyarsa, har abin da ya karanta ya zame masa hali. Sufaye suna kiran wannan horo riyala. Asalin kalmar a Larabci shi ne horar da ɗanyen doki har ya karɓi linzami, kuma da ita ce Larabawan yau suke kiran wasannin motsa jiki.

Neman horon jiki da zuciya a hannun malami ba a ƙasar Hausa kaɗai aka san shi ba. Mutanen Indiya suna da nasu tsohon tsari da suke kira yoga, inda malami ke koya wa almajiri sarrafa gaɓoɓinsa da numfashinsa da tunaninsa. Tun a ƙarni na 11 Albiruni ya juya littafin Patanjali, wanda shi ne jigon wannan fanni, zuwa Larabci, a 2014 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa ranar 21 ga Yuni ta kowace shekara. Ta wajen aƙida da manufa, hanyar Indiya da ta malaman Sakkwato sun yi hannun riga. Amma tambayar da ke gaban malami guda ce ko'ina: yaya zai ja mutum daga inda ya same shi zuwa inda ake so ya kai, ba tare da ya karya shi a hanya ba? Amsar da makarantar Shehu ta bayar ita ce malami ya fara horon da kansa, sa'an nan ya auna almajiri ya ɗora masa gwargwadon ƙarfinsa, ya yi ta jansa sannu sannu har ya iya tsayawa da ƙafafunsa. Ita ce za a bi diddiginta a nan.

Inda Shehu ya koyi malanta

An haifi Shehu a Maratta ta ƙasar Gobir a cikin Disamban 1754, ya tashi a Ɗagel. A wurin mahaifinsa, Muhammadu Fodiyo, ya karanta Alƙur'ani. Ƙanensa Abdullahi, a cikin littafinsa Ida'un Nusukhi, ya jera malaman da suka ɗauki ilmi a wurinsu, daga nan ne kuma ake gane irin tarbiyyar da Shehu ya samu.

Biyu daga cikin malaman nan sun fi sauran tasiri a kansa. Na farko shi ne ɗan'uwan iyayensa, Usmanu Binduri. Shehu ya karanta Mukhtasar na Halilu a wurinsa, amma abin da ya fi ɗauka daga gare shi hali ne. Ya lazimce shi kamar shekara biyu yana koyi da shi a tsoron Allah, da horo da kyakkyawan aiki, da hani ga mummuna, har ɗabi'ar malamin ta zama tasa. A nan Shehu ya ga cewa almajiri ya fi koyo da ido bisa ga koyo da kunne.

Na biyu shi ne Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda Shehu ya bi har Agadas, ya zauna tare da shi kamar shekara guda. Da Malam Jibrilu ya tashi tafiya hajji Shehu bai bi shi ba, ya komo gida, domin mahaifinsa bai yi masa izinin wannan tafiya ba. Malam Jibrilu mutum ne mai zafin kishin addini, har ya kai ga kafirta Musulmi masu aikata manyan zunubai. Shehu ya girmama shi iyakar girmamawa, ya yabe shi, ya shaida cewa shi ne ya fara rushe miyagun al'adu a wannan ƙasa. Duk da haka ya saɓa masa a kan wannan mas'ala, ya kuma rubuta hujjojinsa a fili cewa saɓo ba ya fitar da Musulmi daga Musulunci. Wannan ya nuna tun daga tushe cewa a makarantar Shehu ladabi ga malami dabam, bin sa ido rufe dabam.

Malami ya fara da kansa

Babu wanda ya siffanta zaman karatun Shehu kamar ɗansa Muhammadu Bello a cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812. Bello ya ba da labari cewa ya sha ganin mahaifinsa, in zai fita wurin jama'a, sai ya tsaya a wata kusurwa ta gida na ɗan lokaci, ya yi wata magana a hankali, sa'an nan ya fita. Da ya tambaye shi dalili, sai Shehu ya gaya masa cewa sabunta niyya yake yi, yana ɗaukar wa Allah alkawarin yin abin da zai fita dominsa da zuciya ɗaya, yana kuma roƙon Allah ya fahimtar da mutane abin da zai faɗa musu.

Bello ya ci gaba da cewa in Shehu ya iso majalisi yakan yi wa jama'a sallama da murya wadda kowa zai ji, fuskarsa a sake, yana murmushi. Ba ya gajiya da su, ba ya nuna ƙosawa, ko da yake a cikinsu akwai marasa ladabi waɗanda ko an ce a yi shiru ba su yi. In wani ya jefo tambaya yana tsakiyar magana, sai ya tsaya ya amsa masa, sa'an nan ya koma kan bayaninsa. Amma fa wannan taushin hali bai sa ya sassauta gaskiya ba, ko da manyan malamai suna zaune a wurin.

Wanda ya taɓa tsayawa gaban taro ya san cewa wannan ba hali ne da ke zuwa haka kawai ba. Horo ne. Tsayuwar nan ta kusurwar gida ita ce riyalar malami kafin ya fuskanci almajirai: ya tattara hankalinsa, ya binciki zuciyarsa, ya kori son a yaba masa.

Haka kuma ya hore kansa ta wajen abin duniya. An ruwaito cewa tufafinsa kaɗan ne, kuma da tufkar igiya yake samun abin da zai ci. A Magami, wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a lokacin babbar salla ya yi musu kyauta, ya ware wa Shehu miskali 500 na zinariya. Shehu ya ƙi karɓa. A maimakon dukiya sai ya roƙi abu biyar: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiran, a mutunta duk mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Almajiran da suka ga wannan da idonsu ba su bukatar a sake yi musu dogon bayani a kan gudun duniya.

Daidai ruwa, daidai tsaki

Shehu bai haɗa kowa a zubi ɗaya ba. Yana da majalisin manyan almajirai, inda ake karanta tafsiri da hadisi da fiƙihu da sufanci da Larabci. Yana kuma da majalisin wa'azi na kowa da kowa, manoma da makiyaya da 'yan kasuwa da mata, inda yake magana da Fillanci da Hausa. Domin waɗannan ne ya tsara waƙoƙi da Fillanci, wasu aka juya su Hausa, don wanda bai iya karatu ba ya haddace yana kiwo ko yana saƙa. Bai kuma jira mutane su zo Ɗagel ba. Ya je Kabi, ya kuma yi kamar shekara biyar a Zamfara, daga wajen 1786, yana bin su gari gari.

Wa'azin nasa yana da tsari, kamar yadda Bello ya bayyana. Yakan fara da tauhidi, sanin Allah da manzanninsa. Sa'an nan fiƙihu, daga tsarki da alwala da salla, zuwa azumi da zakka, zuwa aure da ciniki. Bayan haka sai gyaran zuciya: a raba ta da halaye masu halakarwa, kamar jiji da kai da girman kai da hassada da riya da rowa, a cusa mata halaye masu tsirarwa, kamar tuba da haƙuri da dogara ga Allah da tsarkin niyya. Wannan rabo na masu halakarwa da masu tsirarwa ya samo shi ne daga Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, mai littafin Ihya'u Ulumid Dini. Ba a tsallake mataki. Wanda bai gyara alwala ba, ba a shigar da shi halwa.

Shi kansa sufanci Shehu ya kasa shi gida biyu, har ya yi littafi a kan bambancinsu. Akwai na gyaran hali, wanda ya wajaba a kan kowane Musulmi, ana kuma koyar da shi a fili. Akwai na haƙiƙa, wato zurfafan sanin da ke zuwa bayan dogon horo, wanda aka keɓe wa waɗanda suka kai, ba a baza shi a kasuwa. Shehu kansa Baƙadire ne, mai bin ɗariƙar Shehu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza, har aka riƙa kiran jama'arsa Ƙadirawa. Ya kuma faɗi a cikin littafinsa na Wurdi irin buɗin da Allah ya yi masa yana ɗan shekara talatin da shida, da wanda ya zo bayan ya cika arba'in. Amma bai mai da irin wannan matsayi ma'aunin da zai auna manomin Ɗagel da shi ba.

Inda wannan ra'ayi ya fi fitowa sarari shi ne gardamarsa da wasu malamai da ɗalibai na zamaninsa masu zurfafawa a ilmin kalami. Su waɗannan sukan tare talaka su yi masa tambayoyin tauhidi irin na littafi, in ya kasa kawo hujjoji yadda aka tsara su, sai su ce ba Musulmi ba ne, ba a cin yankansa, ba a ba shi aure. Shehu ya yi tsayin daka a kansu, ya rubuta littattafai masu yawa yana warware ruɗunsu. Matsayinsa shi ne wanda ya yi kalmar shahada, yana salla, bai kuma bayyana abin da ke warware imani ba, Musulmi ne, abin da ke zuciyarsa kuwa Allah ya bar wa kansa sani. Aikin malami shi ne ya koya wa jahili, ba ya kafa masa tarko ba.

Haƙƙin jiki

Tarbiyyar Musulunci da jiki take farawa. Abin da ake fara nuna wa almajiri shi ne yadda zai wanke gaɓoɓinsa, da yadda zai miƙe, da yadda zai daidaita bayansa a ruku'u, da yadda zai natsu a sujada har kowace gaɓa ta koma mazauninta. Wannan kuwa ba a koyonsa da baki kawai, sai an gani an kwaikwaya, malami yana gyarawa. Ga wanda ya shiga hanyar sufaye kuma, magabata sun ambaci abu huɗu da ake hore rai da su: rage ci, da rage barci, da rage magana, da keɓewa daga mutane na wani lokaci. A kan waɗannan ake ɗora wuridi, wato zikiri mai adadi sananne a lokaci sananne, wanda malami ke ba almajiri gwargwadon abin da zai iya dawwama a kai.

To amma a nan ne hatsari yake, domin horo da azaba maƙwabtan juna ne. Shehu ya shata iyaka tsakaninsu. A cikin Ihya'us Sunna, wanda ya rubuta wajen 1793, a babin sufanci, ya lissafa cikin bidi'o'in da aka haramta abin da wasu ke yi na ɗaure jikinsu da ƙarfe ko igiya, ko ƙona shi da wuta, da sunan matsa wa rai a ibada. Dalilinsa kuwa shi ne cutar da kai ne. Jiki a wurinsa abin hawa ne. Mai doki yakan hore shi, amma ba ya karya masa ƙafa.

'Ya'yansa sun bi wannan sawu. Muhammadu Bello, wanda ya gina birnin Sakkwato a 1809, ya kuma riƙe sarautar Musulmi daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Shi ne kuma ya kafa garuruwan ribaɗi, irin su Wurno inda ya rasu, inda mazauna ke haɗa karatu da noma da tsaron iyaka. Nana Asma'u ita ma ta rubuta Tabshirul Ikhwani a 1839, a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Duka wannan yana nuna cewa a gidan Shehu kula da lafiyar almajiri yanki ne na malanta.

Mata da 'Yan Taru

Babu inda aka jarraba wannan hanya kamar a sha'anin mata. A cikin Nurul Albabi Shehu ya zargi malaman ƙasar Hausa da cewa suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ba su koya musu ko hukuncin alwala da salla, alhali suna zaune dare da rana suna karantar da almajiran waje don neman suna. Shi kuwa ya bar mata su halarci wa'azinsa. A lokacin da yake Zamfara wani malami, Mustafa Gwani, ya aiko da waƙa yana sukar wannan, yana cewa ana cuɗanya maza da mata. Shehu ya sa Abdullahi ya mayar masa da amsa a waƙe, kamar yadda yake a cikin Tazyinul Waraƙati. Amsar kuwa ita ce ba a cuɗanya su, ko da ma an ɗauka akwai ɓarna a fitowarsu, barin su cikin jahilcin addininsu ya fi ta muni.

Wadda ta kai wannan aiki ga cika ita ce 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Bayan yaƙe-yaƙe, ƙauyukan kewayen Sakkwato da Wurno sun cika da mata, da yawansu ribatattun yaƙi, waɗanda ba su san kome a addini ba, abin da suka gada kuwa bori ne. Matan aure ba su iya barin gidajensu su zo birni karatu. Sai Nana Asma'u ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. A kowane ƙauye takan zaɓi dattijuwa mai hankali da mutunci ta naɗa ta jaji. Jaji ita ke jagorantar ayarin tsofaffin mata da 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba, su zo Sakkwato a ƙafa, su zauna gaban Nana, su haddace waƙoƙinta, su koma su koya wa matan da ke cikin gidaje.

Hikimarta ta bayyana a alamar da ta ba jaji: malfa, da jan ƙyalle da ake naɗa mata. Malfa kuwa ita ce alamar Inna ta Gobir, shugabar 'yan bori. Nana ba ta ce a ƙone malfa ba. Ta ɗauki abin da matan nan suka saba girmamawa ta ɗora shi a kan malama. Ta same su inda suke, ta ja su zuwa inda take so.

Darussan nata ma bisa mataki suke. Akwai waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani don mai farawa. Akwai Goɗaben Gaskiya a kan farillai da sakamakon lahira. Akwai Waƙar Gewaye mai ba da tarihin Shehu da jama'arsa. Akwai kuma Tawassuli ga Mata Masu Albarka, inda ta jera salihan mata tun daga iyalan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har zuwa matan zamaninta, don almajira ta san cewa irinta ma sun kai. Da wata jajinta mai suna Hauwa'u ta rasu, Nana ta yi mata marsiyya kamar yadda ta yi wa sarakuna da manyan malamai. Bayan rasuwar Nana wajen 1864, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru, aikin kuma ya wuce har cikin zamanin Turawa.

Sassauci, saɓani, da yaye almajiri

Bayan cin Alƙalawa Shehu ya zauna a Sifawa, ya bar tafiyar da mulki a hannun Abdullahi da Bello, ya koma ga abin da ya fi so, wato karantarwa. Littattafansa na wannan lokaci, irin su Najmul Ikhwani, sun fi karkata ga sauƙaƙawa. Ya ja kunnen ɗalibai kada su yi gaggawar hana mutane abin da malamai suka yi saɓani a kansa, su tsaya ga abin da aka haɗu a kan haramcinsa, domin addini sauƙi ne. Abdullahi ya fi shi tsanani a wasu mas'aloli, kamar kiɗa da tufafin ado da sunayen sarauta, suka kuma yi ta muhawara a rubuce. Almajiri ya saɓa wa malaminsa kuma wansa, kamar yadda shi Shehu ya saɓa wa Malam Jibrilu, ba a kuwa kore shi daga makaranta ba.

Hasali ma a cikin Najmul Ikhwani Shehu ya umarci ɗalibai su karanta littattafan malaman zamaninsu, domin su ne suka fi sanin abin da ya fi muhimmanci a lokacinsu. Ya nuna musu littattafan Abdullahi don kiyaye zahirin shari'a, da na Bello don sanin siyasar jama'a, da nasa don haɗa ɓangarorin biyu. Malami ke nan yana tura almajirai zuwa ga almajiransa. Da mutane suka fara yaɗa cewa shi ne Mahadi, ya fito ya ƙaryata a rubuce. Bai yarda a ɗaure zukatan almajirai da zatinsa ba.

'Ya'yan wannan tarbiyya su ne suka karɓi tutoci: Modibbo Adama a Fombina, Buba Yero a Gombe, Malam Musa a Zazzau, Umarun Dallaje a Katsina, da Yakubu a Bauci, wanda ba Bafillace ba ne, karatu ne ya kai shi Ɗagel. Ta ɓangaren sufanci kuwa ɗan Shehu, Muhammadu Sambo, ya hori Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu, mai makarantar Salame, wanda Bature matafiyi Barth ya sadu da shi a 1853 ya kuma shaidi zurfin ilminsa. Salsalar ta zarce har zuwa Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997.

Sai dai gaskiya ita ce ba kowa ne tarbiyyar ta kama ba. Tun ana cikin yaƙi, wajen 1807, Abdullahi ya ga yawancin manyan almajirai na farko sun yi shahada, waɗanda suka cika sansani kuwa hankalinsu ya koma ga dawaki da ƙwaraƙwarai da neman sarauta. Ransa ya ɓaci, ya bar rundunar da nufin tafiya Makka. Mutanen Kano ne suka tsai da shi, ya karanta musu tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya komo. Darasin a bayyane yake: abin da aka gina a Ɗagel cikin shekara talatin, mutum bayan mutum, ba ya yiwuwa a zuba shi cikin dubban mutane dare ɗaya. Tarbiyya ba ta karɓar gaggawa, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kammalawa

Shehu ya komo Sakkwato a 1815, ya yi shekara biyu a cikinta, aka rufe shi a gidansa, inda Hubbare yake. Turawan Ingila sun ci birnin a cikin Maris na 1903, makarantun boko suka shigo, makarantun allo da na zaure suka rasa gatan hukuma. A 1975 aka kafa jami'a a Sakkwato, a 1988 aka sa mata sunan Shehu. A 2012 kuma gwamnatin tarayya ta buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, a nan Sakkwato. Gine-gine da sunaye sun samu. Abin tambaya shi ne ko hanyar ta samu.

A cikin 2019 'yan sanda suka buɗe wasu gidajen da ake kira na gyaran hali a Kaduna da Daura, aka fito da ɗaruruwan yara da samari, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Iyayensu sun kai su ne don a yi musu tarbiyya. Shehu kuwa, fiye da shekara ɗari biyu kafin wannan, ya riga ya hukunta cewa haramun ne mutum ya ɗaure jikin kansa da ƙarfe da sunan ibada. In haka ne ga mai jikin, ina ga wanda aka ba amanar ɗan wani?

Malamin tsangaya da ke da almajirai ɗari bai san sunayen rabinsu ba, da malamin jami'a da ke karanta wa ɗalibai takardar da shi ma aka karanta masa, da shaihin ɗariƙa da ke son muridi ya dawwama a bakin ƙofarsa, da mai wa'azin da ke rige-rigen kafirta talaka, duka suna da abin dubawa a tarihin wannan birni. Ma'aunin da makarantar Shehu ta bari ba mai wuyar ganewa ba ne, aiki da shi ne mai wuya: a dubi halin malami in ya shiga gida, a dubi yadda yake amsa tambayar mafi ƙarancin almajiransa, sa'an nan a ƙidaya mutum nawa suka tashi daga gabansa suka zama malamai. Allah ya jiƙan magabata, ya sa a amfana da abin da suka bari.